Tarihin Usman Waƙi'allah, Malamin Zane Da Ya Rubuta Kuɗin Sudan Na Farko

Duk ɗan kasuwar da ke cin kasuwar Jibiya ko Maigatari ko Illela ya san cewa kafin ya karɓi babbar takardar kuɗi daga hannun baƙo sai ya ɗaga ta sama, ya murza ta, ya dubi zaren da ke jikinta, don gudun kada a shafa masa jabu. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka yi tunanin cewa rubutun da ke jikin kuɗi, irin ajamin nan da muke gani a Naira 200 da 500 da 1,000, wani mutum ne ya fara zama ya fiƙe alƙalami ya rubuta shi kafin inji ya buga. A ƙasashe da yawa ba a damu da adana sunayen irin waɗannan mutane ba. A Sudan kuwa an san wanda ya yi wa kuɗin ƙasar na farko wannan aiki bayan samun mulkin kai, shi ne marigayi Usman Waƙi'allah, wanda sai da ya ratsa makarantu uku a ƙasashe uku kafin ya haɗa ilmin da yake nema, domin a zamaninsa babu makaranta ɗaya da ke koyar da shi duka.

Haihuwarsa da ƙasar da ya tashi

An haifi Usman Waƙi'allah a shekarar 1925 a garin Rufa'a, wanda ke gaɓar gabas ta kogin da ake kira Shuɗin Nilu, kudu maso gabas da birnin Khartum. Rufa'a gari ne da ya yi suna wajen karatu tun kafin a haife shi, domin a nan ne Malam Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a shekarar 1907, lokacin da ko karatun boko na maza ma ana yi masa kallon hadarin kaji. A shekarar da aka haifi Usman ɗin ne kuma Turawan Ingila suka kammala madatsar ruwa ta Sannar, wadda ta ba da damar buɗe manyan gonakin auduga na Jazira.

Wannan yanki ba baƙon Hausawa ba ne. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas tare da jama'arsa, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin wannan kogi, kusa da Sannar. Mahajjatan ƙasa, masu tafiya Makka a ƙafa ko a kan jakuna, da yawansu a gonakin Jazira suke yada zango su yi ƙodago shekara biyu ko uku su tara guzuri, wasu kuma zaman ya zarce har jikoki. Saboda haka allon da yaron Rufa'a yake gani a makarantar da suke kira khalwa bai bambanta da na Kano ko Zinder ba sosai. Tawadar ma ɗaya ce, baƙin tukunya ko gawayi a haɗa da ƙaro, ga shi kuwa Sudan ita ce uwar ƙaro a duniya. Idan yaro ya kai wani matsayi a karatu, ana ƙawata masa allonsa da launuka, abin da su suke kira sharafa, mu kuma muke kira zayyana. Mai karatu ya riƙe wannan batu na allo, domin zai sake fitowa a gaba.

Kwalejin Gordon

Babbar makarantar boko ta Sudan a wancan lokaci ita ce Kwalejin Gordon da ke Khartum, wadda aka buɗe a 1902 don tunawa da Janar Gordon, Baturen da mayaƙan Mahadi suka kashe a 1885. Turawan sun so sunan mutumin nan ƙwarai, har wata bishiya da ke bakin Farin Nilu a kudancin birnin suka laƙaba mata shi, kuma daga wannan bishiya ce unguwar Alshajara ta samo sunanta, tun da shajara bishiya ke nan da Larabci. Kwalejin an kafa ta ne don samar wa gwamnatin mulkin mallaka akawuna da malaman makaranta da alƙalai da masu awon ƙasa. Zane-zane bai samu gurbin kansa ba sai a 1945, lokacin da aka buɗe sashen koyar da shi a ƙarƙashin wani Bature mai suna Jean-Pierre Greenlaw. Usman na cikin rukunin farko na ɗaliban wannan sashe.

Greenlaw mutum ne da ya ƙaunaci kayan gargajiyar Sudan, shi ne ma ya bi tsofaffin gidajen garin Suwakin, tashar jiragen ruwan da mahajjatanmu na da suka sani sarai, yana zana su ɗaya bayan ɗaya kafin su rushe, daga baya ya fitar da littafi a kansu. Duk da haka tsarin karatun da ya zo da shi na Ingila ne. Ɗalibi zai koyi zana abin da aka ajiye a gabansa, tulu ne ko kujera ko mutum, ya koyi yadda haske da inuwa suke sauka a kan abu, da yadda abin da ke nesa yake ƙanƙancewa a ido, sannan ya taɓa ayyukan hannu. Manufar ita ce a samu malaman da za su koyar da zane a makarantun gwamnati. Maganar digiri kuwa babu ita, domin kwalejin kanta ba ta zama jami'a ba sai a 1956. Rubutun alƙalami, wanda shi ne adon da kowane gida a Sudan ya sani, ana ɗaukarsa aikin malaman khalwa ne da magatakardan kotu.

A 1946 Usman ya samu tallafin karatu zuwa Landan, inda ya shiga makarantar zane ta Camberwell, ya zauna har 1949. Ya isa ne ana gama yaƙin duniya na biyu, makarantar cike da tsofaffin sojoji da gwamnati ta biya wa kuɗin karatu, abinci da sutura kuma duk da kati ake sayensu. Camberwell ta wannan lokaci ta shahara da malamai irin su William Coldstream da Victor Pasmore da Claude Rogers, waɗanda aka san su da tsananin awo. Ɗalibi zai miƙa hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawon hancin wanda yake zanawa da tazarar da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ya sa alama a takarda, ya sake aunawa. A tsarin makarantun zane na Ingila na lokacin, shekara biyun farko na kowa da kowa ne: zanen mutum a zaune ko a tsaye, sanin ƙasusuwa da jijiyoyin jiki, zanen gine-gine, ginin siffa da yumɓu, da wata sana'ar hannu guda. Sai wanda ya ci jarrabawar wannan mataki ake bari ya zaɓi fannin da zai ƙware a kai. Wannan tsari, na a fara da kowa tare sannan a rarraba, shi ne har yanzu ƙashin bayan karatun digirin zane a Khartum da Zariya.

Alƙahira

Yawancin 'yan Afirka da suka je Landan a wannan zamani da sun karɓi takardar shaida sai su dawo gida a ba su ofis da gidan gwamnati, magana ta ƙare. Usman ya dawo ya kama aikin koyarwa, amma bai ɗauki kansa wanda ya gama karatu ba. Ya nufi Alƙahira ya shiga makarantar koyon rubutun Larabci, wadda Sarki Fu'ad ya kafa a 1922, ya zauna a gaban Sayyid Ibrahim, ɗaya daga cikin manyan gwanayen alƙalami na Masar, wanda ya rayu har 1994. A ganina wannan tafiya ita ce ta bambanta shi da sauran tsararrakinsa, don haka ya kamata a ɗan tsaya a kanta.

Sharuɗɗan wannan karatu sun sha bamban da na Camberwell. A nan ba a tambayar ɗalibi abin da ke ransa. Malami zai rubuta layi guda a saman takarda, ɗalibi ya tafi ya yi ta kwaikwayonsa, ya kawo, malami ya ɗauki jar tawada ya gyara masa harafi harafi, ya koma ya sake. Ana iya shafe watanni a kan baƙaƙe ɗai-ɗai kafin a yarda mutum ya fara haɗa su. Ma'aunin kuwa ɗigo ne, wato tabon da bakin alƙalami yake bari idan an ɗora shi a takarda an ɗan ja. Da wannan ɗigo ake auna kowane harafi, kamar yadda mai hatsi yake awo da tiya. A salon da ake kira sulusi, wanda ake rubuta sunayen surori da bangon masallatai da shi, tsawon alif ɗigo bakwai ne. A salon ruƙ'a, na wasiƙu da ofisoshi, ɗigo uku ne. Cikin nun da wutsiyar ra da idon sad duk suna da nasu adadi. Ana jingina wannan tsari ga Ibnu Muƙla, wani waziri a Bagadaza da ya rasu a shekarar 940, wanda rikicin fada ya sa aka yanke masa hannun dama, hannun da ya kafa wa duniyar Musulmi ƙa'idar rubutu da shi.

Ɗalibi sai ya bi salo-salo: nasakhi, wanda ake buga Alƙur'anin gabas da shi, da sulusi, da ruƙ'a, da diwani na fadar sarakunan Turkiyya, da farisi, da kufi mai kusurwoyi. Dole ya iya fiƙe alƙalaminsa na gora da kansa, domin kowane salo da irin karkatar da ake yi wa bakin alƙalami, ya kuma iya haɗa tawada da gyaran takarda. A al'adar wannan fanni, ƙarshen karatu shi ne malami ya ba ɗalibi ijaza, wato izinin ya riƙa sa hannu a ƙarƙashin aikinsa, kuma ta wannan hanya ake iya bin salsalar malami zuwa malami har ɗaruruwan shekaru baya.

Wanda ya yi karatun allo a ƙasar Hausa zai lura cewa wannan ba irin hannunmu ba ne. Rubutun Kano da na Barno daga Magrib ya samo asali, shi ya sa muke sa wa fa ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, alhali a gabas fa ɗigo ɗaya ne a sama, ƙaf biyu. Namu ya fi kauri da nauyin tawada, nasu ya fi siriri da lanƙwasa. Sudan tana tsakiya, ta taɓa nan ta taɓa can. Wani abin lura kuma shi ne, awon da Usman ya baro a Landan da fensir shi ya sake tararwa a Alƙahira da ɗigo, sai dai can jikin mutum ake aunawa, nan kuwa jikin harafi.

Malami a Khartum

Daga 1949 zuwa 1954 Usman ya koyar a makarantar da ta yaye shi, wadda a 1951 aka ɗauke ta daga Kwalejin Gordon aka mayar da ita ƙarƙashin makarantar koyon fasaha ta Khartum. A nan ne ya yi abin da ake tunawa da shi. Ya ɗauki harafin Larabci ya kai shi ɗakin zane, ya nuna wa ɗalibai cewa baƙi guda yana da tsayi da faɗi da nauyi da sarari a cikinsa, ana iya miƙe shi, a naɗe shi, a cika cikinsa da launi ko da wani rubutun, ya zama hoto mai zaman kansa. Bai tsaya ga ayoyi kaɗai ba, ya yi aiki da baitocin waƙoƙin Larabci da na mawaƙan Sudan. Wannan ya buɗe ƙofa ga matasan da iyayensu ke ƙyamar zanen mai rai, domin ga wata hanya da yaro zai yi karatun zane ba tare da an yi ta jayayya a gida ba.

Ba shi kaɗai ba ne a duniyar Larabawa ya yi wannan tunani. Wata mata 'yar Iraƙi mai suna Madiha Umar ta fara irinsa tun a shekarun 1940, kuma daga baya aka raɗa wa tafiyar gaba ɗaya suna Hurufiyya, daga kalmar haruffa. Bambancin Usman shi ne ya shigo ta da cikakken horon gwanayen alƙalami, ba daga nesa ya hango haruffan ya ga sun yi masa kyau ba. Wanda ya san ƙa'ida idan ya karya ta, ana gane da gangan ya yi.

Daga cikin matasan da suka taso a makarantar a wannan lokaci akwai Ibrahim El-Salahi, haifaffen Umdurman a 1930, ɗan wani malamin makarantar Alƙur'ani, da kuma Ahmad Shibrain, wanda aka haifa a Barbar a 1931. Labarin Salahi ya isa ya nuna abin da ake fama da shi. Ya tafi makarantar Slade a Landan daga 1954 zuwa 1957, ya dawo da hotuna irin na Turawa, masu kyau ta kowace fuska, ya baje kolinsu a wani babban otal a Khartum. Jama'a suka zo bikin buɗewa, suka sha lemo, suka watse, ba su sake waiwayowa ba. Abin ya dame shi, ya shiga bin gidaje da ƙauyuka yana duba abin da mutane suke ratayawa a bangonsu, sai ya tarar rubutu ne da adon tabarma da na ƙwarya da allo. Da ya fara sa haruffa a cikin zanensa, sai mutane suka fara tsayawa suna kallo. Shibrain shi ma ya je Landan ya dawo ya rungumi harafi da adon allo, daga baya har ya zama shugaban kwalejin. Wannan tafiya ita ce aka sani a duniya da sunan Makarantar Khartum, kuma idan ana lissafa waɗanda suka share mata fage, da Usman ake farawa.

A daidai wannan lokaci irin wannan muhawara ta tashi a Zariya. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna neman a haɗa dabarun Turawa da adon gargajiyar Nijeriya. Salahi da kansa ya zo Nijeriya a farkon shekarun 1960 aka baje kolin ayyukansa a kulob ɗin Mbari na Ibadan. Sai dai 'yan Zariya kusan dukkansu daga kudu suka fito, kowa ya koma ga adon garinsu, allo da zayyana kuma, waɗanda ke nan birjik a cikin birnin Zazzau, tafiyar 'yan mintoci daga ajinsu, ba su samu mai ɗaukarsu ba a lokacin.

Situdiyo da takardun kuɗi

A 1954 Usman ya ajiye aikin gwamnati ya buɗe wurin aikinsa a tsakiyar Khartum, wanda aka sani da Situdiyo Usman. Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne a zamanin da albashin gwamnati shi ne burin duk wanda ya yi boko. Wurin ya yi shekara goma yana aiki, har 1964, kuma ya zama majalisar masu zane da mawaƙa da marubuta. Lokacin ma ya dace da shi. Ranar 1 ga Janairu 1956 Sudan ta samu mulkin kai, sabuwar ƙasa kuwa tana buƙatar komai sabo, kama daga tambarin ma'aikatu zuwa kan takardun ofis. A wancan zamani babu kwamfuta, duk wani babban rubutu mai kyau da za a buga sai gwani ya rubuta shi da hannu an ɗauki hotonsa.

Babban aikin da ya faɗo masa shi ne rubutun takardun kuɗin ƙasar. Kafin mulkin kai da fam ɗin Masar ake ciniki a Sudan, sai a 1957 fam ɗin Sudan ya maye gurbinsa. 'Yan canji sun fi kowa sanin abin da ke cikin wannan aiki. Rubutun jikin kuɗi dole ya karantu ga wanda karatunsa bai yi zurfi ba, a cikin rana ko a hasken aci-bal-bal, bayan takardar ta sha gumi da manja ta yi laushi. Dole ya shiga ɗan gurbin da aka ware masa ba tare da ya taɓa lamba ko hoto ba. Dole kuma ya yi wahalar kwaikwayo, domin kaurin layi da sirantarsa, yadda alƙalami yake buɗewa ya tsuke a cikin harafi guda, yana daga cikin abin da ke tona asirin mai buga jabu. Bayan gwanin alƙalami ya gama, wani gwanin ne zai sassaƙa rubutun a farantin ƙarfe, shi ya sa idan ka shafa sabuwar takarda kake jin rubutun ya ɗan taso. Idan mai rubutun ya yi kuskuren ɗigo ɗaya, kuskuren zai fito sau miliyoyi.

A 1967 ya koma Landan da zama, inda ya zama mai ba da shawara kan rubutun Larabci ga kamfanin De La Rue, wanda ke buga wa ƙasashe da dama kuɗi. Sunan kamfanin ba baƙo ba ne a Nijeriya, domin da haɗin gwiwarsa aka kafa kamfanin buga kuɗi na ƙasa a 1963. Turawan kamfanin sun iya sassaƙa da haɗa tawada, amma ba su san inda ya halatta a ja harafi a tsawaita shi ba da inda yin haka zai ɓata kalma, ga shi kuma ƙasashen Larabawa da yawa sun samu 'yanci ko sun sauya kuɗi a waɗannan shekaru. Mutumin da ya san aikin ɗab'i irin na Ingila, ya kuma zauna a gaban Sayyid Ibrahim, ba a samunsa a kowace kusurwa.

Zaman Landan ya kai shi kusan shekara arba'in, yana aikin kamfani yana kuma nasa. Mafi shahara a cikin ayyukansa shi ne wanda ya yi a 1980, wanda ke ajiye a babban gidan adana kayan tarihi na Birtaniya. Ya ɗauki haruffa biyar ɗin nan da suka buɗe Suratu Maryam ya rubuta su manya-manya, sannan ya bi sararin da ke ciki da kewayensu ya cika da ayoyin surar da ƙaramin rubutu. Daga nesa baƙaƙe biyar kake gani, sai ka matso ka ga ashe karatu ne a ciki. An nuna ayyukansa a baje kolin zanen Afirka na zamani da aka yi a zauren Whitechapel na Landan a 1995, sannan a 2006 gidan tarihin na Birtaniya ya sa wancan aiki na Suratu Maryam a wani babban baje koli na masu zane da haruffa daga ƙasashen Musulmi.

Abin da ake nema ga ɗalibi a yau

Makarantar da ya yi karatu ya kuma koyar a cikinta ta zama Kwalejin Zane-zane da Fasahar Hannu a 1971, daga baya ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, wadda ta samu wannan matsayi a 1990. Tsarinta kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 shi ne, mai son shiga sai ya kawo takardar gama sakandare, sannan ya zauna jarrabawar gwajin hannu, domin maki kaɗai ba ya nuna wanda zai iya zane. Shekarar farko kowa tare ake yi, daga nan a rarrabu: masu fenti, masu sassaƙa, masu tangaran, masu zanen yadi, masu zanen talla da littattafai, masu ɗab'i da ɗinkin littafi, masu tsara kayan masana'antu. A cikin jerin akwai sashe guda na rubutun Larabci da zayyana, inda mutum zai yi digirinsa a kan alƙalami. Abin da Usman ya tsallaka har Masar nema, ya zama ana samunsa a gida.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya digirin shekara huɗu ne ga wanda ya shigo da sakamakon sakandare, kuma ana neman kiredit biyar har da Turanci, da cin jarrabawar JAMB. Ɗalibi zai yi zane da tarihin fasaha, ya zaɓi fenti ko sassaƙa, ko kuma ya shiga sashen da ke koyar da tangaran da yadi da zanen talla, a ƙarshe ya gabatar da aikin kammalawa a baje shi malamai su duba. Uban da ɗansa ya zaɓi wannan fanni ya shirya wa kuɗin kayan aiki, domin fenti da takarda da yadin zane ba sa jiran ƙarshen wata. Rubutun alƙalami dai ba ya cikin waɗannan sassa a matsayin fanni mai zaman kansa. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka tun daga Fatiha har Nasi, ya yi masa zayyana da ja da rawaya, aka kai kasuwar Kurmi aka saya da daraja, ba shi da ƙofar shiga ajin, ko a matsayin ɗalibi ko a matsayin malami, saboda ba shi da kiredit a Turanci. Ni dai ina ganin asarar ta jami'ar ce fiye da ta alaramman.

Rasuwarsa

Usman Waƙi'allah ya koma Sudan a 2005, shekarar da aka sa hannu a yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin kudanci. Ya rasu ranar 4 ga Janairu 2007 yana da shekara 81. Allah Ya jiƙansa. 'Yan kwanaki bayan rasuwarsa Sudan ta fito da sabon fam wanda ya maye gurbin dinarin da aka yi ta amfani da shi tun 1992. A watan Fabrairu na wannan shekara kuma Babban Bankin Nijeriya ya fito da sababbin Naira 5 da 10 da 20 da 50 babu ajami a jikinsu, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a Arewa, sannan a 2014 sabuwar Naira 100 ita ma ta fito babu shi.

Shibrain ya rasu a 2017. Salahi, wanda gwamnatin Numairi ta tsare a kurkukun Kobar a 1975 ba tare da shari'a ba, ya bar ƙasar bayan an sake shi, kuma a 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya shirya baje kolin ayyukan rayuwarsa gaba ɗaya. Birnin da suka yi wa hidima kuwa ya ga tashin hankali. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya mayar da Alshajara fagen fama saboda barikin tankokin yaƙi da ke unguwar, aka yi watanni ana ɓarin wuta a kai. An wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke kusa da mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, karatu ya tsaya a harabobin jami'o'in birnin, masu zane da yawa suka tsere zuwa Alƙahira da Nairobi da Kampala suka bar ayyukansu a baya. Saboda kuɗin da aka kwashe daga bankuna da kuma jabu da suka cika kasuwa, a ƙarshen 2024 Babban Bankin Sudan ya fito da sababbin takardun fam 500 da 1,000, sannan a watan Maris na 2025 sojoji suka sake karɓe tsakiyar Khartum.